Faifai a Cikin Safa

Daren da ƙanwata ta iso Gadarif, a farkon watan Yuli na 2024, ana tsuga ruwa kamar da bakin ƙwarya, laka har idon sawu. Abin da ta iso da shi bai wuce buhun tufafi ɗaya da tukunya ba, sai 'ya'yanta mata biyu da autanta mai shekara 12. Gudun hijirarsu na biyu ke nan cikin wata bakwai. Sun bar Madani a watan Disamba na 2023, suka sauka wurin dangin marigayi mijinta a Mai Wurno, garin da kakanninmu suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Da Sinja ta faɗi a ƙarshen watan Yuni, suka sake kama hanya ta Dindir, wani wuri a ƙasa, wani wuri a bayan tarakta. Babban ɗanta ba ya cikin tafiyar. A Mai Wurno aka rufe shi, yana da shekara 19, bayan zazzaɓin kwana shida da aka rasa maganinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Da maiɗakina ta zo cire wa autan jiƙaƙƙiyar rigarsa, sai ta ji wani abu mai tauri ɗaure a cikinsa da mazagi. Safa ce baƙa, an naɗe ta cikin leda biyu. Yaron ya riƙe ta gam, bai ce uffan ba. Uwar ta yi mana alama da ido, muka ƙyale shi.

Wata uku ya yi yana kwana da safar nan a ƙarƙashin matashi. Maganarsa ba ta wuce i da a'a, su ma da Larabci, domin haihuwar Madani ne: yana jin Hausa sarai, amma bakinsa bai saba da ita ba. "Khali" yake ce mini, yadda 'ya'yan maƙwabtansu ke kiran kawunansu. Makarantun gari a lokacin cike suke da waɗanda yaƙi ya koro, don haka wuni yake yi a ƙarƙashin rumfa yana kallon kaji.

Wata Juma'a a cikin Oktoba, ana tsakiyar yankan riɗi, na zauna shigar da lissafi a tsohuwar kwamfutar tebur da ke ɗakina, kasancewata akawun wani ɗan kasuwa a kasuwar amfanin gona. Yaron ya zo ya tsaya a bayana har na gama, sannan ya ajiye safar a kan tebur ya warware ta. Faifan ajiya ne na kwamfuta, mai faɗin tafin hannu. Wansa ne ya kwance shi da bakin wuƙa a safiyar da za su bar Madani, tun da ba a gudu da akwatin kwamfuta a ka. Ya ce da Larabci, murya ƙasa-ƙasa, "Ƙungiyarmu tana ciki."

Na san wani zai ce me ya kawo zancen wasan kwamfuta a wurin da aka saba jin labarin dara da langa. Ya yi haƙuri. Duk wanda ya yi samartaka a garin nan shekara goma da suka wuce ya san shagunan da ake jera kwamfuta uku ko huɗu, yara suna biya kowane wasa, kuma ya san wasan ƙwallon nan na PES 2013 da kamfanin Konami ya fitar a watan Satumba na 2012, shekarar da Sudan ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe a gasar kofin Afirka. Na yi shekara biyu ina tsaron irin wannan shago kafin in kama aikin akawu. A zamanin, takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa ƙasar nan tun 1997 yana nan daram, sai a Oktoban 2017 aka ɗage shi. Ba mu da katin bankin da ake sayayya da shi a waje, shafukan intanet da yawa kuma da sun ga daga Sudan kake sai su rufe maka ƙofa. Ban taɓa ganin wanda ya sayi wasa cikin kwalinsa a Gadarif ba. Daga filashi zuwa filashi yake yawo, kowa ya ɗora masa nasa faci: wannan ya sa Hilal da Merrikh, wancan ya sa fuskar Haitham Mustafa da ta Faisal Ajab, wani ya sa muryar mai sharhi Balarabe. Kamar littafin da aka yi ta kwafa da hannu daga malami zuwa almajiri, kowane hannu ya bar ɗigonsa, wani lokacin ya bar kuskurensa. In ya ƙi tashi, ba ka da wanda za ka kai wa ƙara. Haka muka koyi gyara, dole ce ta sa.

Na buɗe akwatin kwamfutata na haɗa faifan a matsayin na biyu. An raba shi gida biyu. Ɗaya ya buɗe lafiya, ga jakar wasan nan a ciki. Ɗayan da na taɓa shi sai Windows ta fito da tambaya: wannan sashe ba ya karantuwa sai an yi masa fomat, a yi? Hannun yaron ya riga ya miƙa wajen linzami. Na riƙe shi.

A nan ne gizo ke saƙar. Shi wasan yana wuri ɗaya, amma abin da mai wasa ya tara, wato ƙungiyar da ya gina da kakar wasannin da ya buga, ba ya zama tare da shi. Yana can cikin jakar takardun mai kwamfutar, a wata 'yar jaka mai sunan kamfanin, kuma dukkansa bai kai nauyin hotuna kaɗan na waya ba. Wannan 'yar jakar tana sashen da ya ƙi buɗewa. Washegari na kai faifan wurin wani abokina mai gyara a kasuwa. Ya juya shi, ya kara a kunne, ya ce, "Ka yi masa fomat kawai, wasan nan ai ina da shi, minti goma in zuba maka sabo." Gaskiya ya faɗa a fagen sana'arsa. Mafi yawan masu gyaranmu maganinsu ɗaya ne, a shafe a sake, kuma sau tara cikin goma yana ci, domin mai kaya sauri yake so. Sai dai sabon da zai zuba mini ba ya ɗauke da kowa da yaron ya sani.

Na dawo gida da faifan. Tsarin ajiya na NTFS yana da wata dabara da na taɓa karantawa ban taɓa buƙata ba: bayanin da ke farkon sashe, wanda ke gaya wa kwamfuta inda komai yake, akwai kwafinsa a can ƙarshen sashen. Wata 'yar manhaja ta kyauta mai suna TestDisk tana iya ɗauko na ƙarshen ta mayar a gurbin na farkon. Na yi bismilla na danna. Da na sake kunna kwamfutar, sashen ya buɗe. Ban tsaya murna ba, na kwashe jakar ajiyar da ta wasan gaba ɗaya na zuba a nawa faifan, na cire nasu na mayar cikin safa. Faifan da ya sha jijjigar tarakta da damshin damina ba a yi masa alkawarin gobe.

Na zaci an gama, ashe yanzu aka fara.

Muka danna wasan, wani ɗan akwati ya fito yana cewa ba a sami wani fayil ba, sunansa ya fara da d3dx9. Nan na yi wautar da na sha hana wasu. Saboda intanet a garin ya yi nauyi, mutane sun ninka, layi ba ya ɗauka, sai na nemi gajeriyar hanya: na sauko da fayil ɗin shi kaɗai daga wani shafi da ban san mai shi ba, na jefa shi cikin jakar Windows. Saƙon farko ya ɓace, wani ya maye gurbinsa, mai lamba 0xc000007b. Duk wanda ya taɓa tsaron shagon wasa ya san lambar nan kamar lambar gidansu. Galibi ma'anarta an haɗa abin da ba jinsi ɗaya ba: wasan na tsarin 32 ne, ni kuwa na ba shi fayil na tsarin 64. Abin da ke ƙara rikita mutane, a Windows mai tsarin 64, jakar da ake kira System32 ita ce ta fayilolin 64, na 32 kuma suna cikin wadda ake kira SysWOW64. Ni da na san haka tun da daɗewa, ga shi gaggawa ta kayar da ni a gaban yaro.

Daga ranar na kafa doka. Na ɗauko wani tsohon littafin lissafin buhuna da ya rage shafuka, na ba shi da biro, na ce abu ɗaya za mu riƙa canzawa, mu gwada, ya rubuta abin da muka yi da abin da ya faru, kafin mu taɓa na biyu. Wanda ya canza abu biyar lokaci guda, ko ya dace bai san wanne ya yi magani ba, in kuma ya ɓata bai san inda zai koma ba. Da Hausa nake yi masa shifta, da gangan. Shi kuma ya riƙa rubutawa da haruffan Larabci, yadda kunnensa ya ji, ba tare da ya san cewa haka kakanninsa suka yi ta rubuta Hausa ba. Na goge fayil ɗin da na jefa. Muka jira har ƙarfe biyu na dare, lokacin da layi ke sakin jiki, muka sauko da cikakken kunshin DirectX na watan Yuni 2010 daga shafin masu shi, kusan megabait 100. Sau uku yana yankewa. A shafin farko na littafin an rubuta: "Mun sa DirectX. Akwati ya tafi. Allo ya yi baƙi."

Baƙin allon bai ba mu wuya ba. Tun da na sayi kwamfutar, lissafi kawai nake yi da ita, ban taɓa damuwa da sa mata manhajar da ke gabatar da katin hoto ga Windows ba, wadda mu nan muke kira ta'arifi. Da aka sa, tambarin wasan ya bayyana, kiɗansa ya tashi. Yaron ya miƙe tsaye. Amma da muka shiga jerin ƙungiyoyi, babu Hilal, babu Merrikh, babu tasu. Wasan ya tashi tsirara, duk facin da ke jikinsa bai kama ba.

Kwana biyu na yi a kan wannan. Facin yana hawa ne ta wata manhaja mai suna Kitserver, wadda masu sha'awar wasan suka ƙera da kansu, kuma duk fayilolinta suna nan ba abin da ya ɓace. Sai a dare na biyu na lura da sunan babbar jakar. Marigayin ya rubuta shi da haruffan Larabci, da na karanta a hankali sai na ga ba Larabci ba ne, "wasanmu" ya rubuta. Tsofaffin manhajoji da yawa ba sa gane haruffan da ba na boko ba sai an gaya wa Windows harshen da za ta fassara musu da shi. In ba haka ba, alamun tambaya kawai suke gani a jere, su kasa gane hanya. Tawa kwamfutar a kan Turanci take. Gyara iri biyu ne: ko a sauya wa jakar suna zuwa boko, aikin daƙiƙa biyar, ko a shiga saitin yanki a mayar da harshen tsofaffin manhajoji Larabci, a sake kunna kwamfuta. Na zaɓi na biyu. Ban ga dalilin da zai sa in goge abin da yaron nan ya rubuta da hannunsa ba alhali kwamfutar ce ya kamata ta koyi karatu.

Hilal ta dawo, Merrikh ta dawo. Kafin mu kai ga tasu, sai kwamfutar ta mutu ɗif, kamar an zare waya, alhali fankar ɗaki tana juyawa.

Mai gyara ya kamata ya bambance mutuwa uku. Akwai wasan ya rufe kansa ya mayar da kai fuskar Windows, wannan yawanci laifin fayil ne. Akwai hoto ya daskare sauti ya riƙa maimaita kansa, wannan a duba katin hoto ko ƙwaƙwalwar wucin gadi. Akwai kuma injin gaba ɗaya ya ɗauke, wannan kusan kullum zafi ne ko wuta. Muka gwada sau uku, yaron yana duba agogo: minti 18, minti 15, minti 11. Tazarar da ke raguwa ita ta tona asirin, domin injin da bai huce ba ya fi saurin sake zafi. Na buɗe akwatin na ɗaga fankar da ke kan ƙwaƙwalwar injin. Abin da na gani tsakanin haƙoran ƙarfen ya yi kama da bargo: ƙurar baƙar ƙasar Gadarif ta shekara da shekaru, da ƙaiƙayin riɗi da nake kwasowa a jikin takardu. Lissafin buhuna bai taɓa sa injin gumi ba, shi ya sa bai taɓa yin ƙorafi ba. Muka fitar da shi tsakar gida muka hure da famfon keke, yaron yana bugawa ina riƙe da fankar kada ta yi ta juyawa a banza. Man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya ta ya bushe ya zama kamar alli. Na kankare, na sayo sabo wurin abokin nan nawa, na ɗiga kamar ƙwayar dawa. A ranar ne, yana tari cikin ƙura yana dariya, na fara jin ya haɗa jimla da Hausa. Cewa ya yi, "Wannan ai gona ce."

Daren nan muka buɗe ajiyar. Ƙungiyar tana nan, sunan unguwarsu ta Madani a kanta, tana kaka ta bakwai a gasar da wasan ke kira Master League. Yaron ya riƙa bin sunayen da yatsa yana gaya mini su wane ne. Mai tsaron gida ɗan mai agashen bakin titinsu ne, yanzu suna Kasala. Masu tsaron baya biyu tagwaye ne, an ce sun bi ta Halfa zuwa Masar. Na gefen hagu ba wanda ya sake jin ɗuriyarsa. Lamba 10 shi ne da kansa, wansa ya cika masa kowane ma'auni har 99, gudu da bugu da wayo, tun yana ɗan shekara tara. Marigayin kuwa lamba 6 ya ba kansa, a tsakiya, inda ake aiki ba a cika samun tafi ba. A cikin wasan 'yan ƙwallo suna tsufa kaka bayan kaka. A gefen sunansa an rubuta shekara 24.

Muka zaɓi wasa na gaba, allon jira ya fito, sai ga mu a fuskar Windows. Muka sake, haka. Muka gwada Hilal da Merrikh, suka buga minti casa'in lafiya. Muka koma tasu, ya rufe. Yaron ya ajiye biro ya fita waje.

Na bar shi, na ci gaba ni kaɗai. Windows tana da kundin da take rubuta duk abin da ya faɗi da sunan abin da ya kayar da shi, kuma a nan na ga sunan ɗaya daga cikin sassan Kitserver. Sassan a jere suke cikin wani ɗan fayil na rubutu, layi-layi, ana iya kashe kowanne. Na kashe su duka, wasan ya shiga fili. Na riƙa kunna su ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa da kaina, har na zo kan na riguna, ya faɗi. Na shiga jakar rigunan ƙungiyarsu. Hotuna ne marigayin ya zana da kansa, rigar gida da rigar baƙunta da ta mai tsaron gida. Biyu sun buɗe. Rigar gida kuwa, kore mai ratsin fari, daga wuya zuwa ƙirji kawai ta fito, sauran duk toka-toka. Wurin da take kwance a faifan ne ya lalace, ko a Dindir, ko a bayan tarakta, Allah ne masani. Duk lokacin da wasan ya zo sanya wa 'yan ƙwallon riga sai ya tarar da rabi, ya faɗi.

Na kira shi na nuna masa. Na ce ina iya cike sauran, kore ne da fari, ba wuya, in ya tuna yadda ƙasan take sai ya gaya mini. Ya daɗe yana kallon rabin rigar. Sannan ya ce, "Kawu, a bar ta yadda take."

Muka ɗauke ta muka ajiye a wata jaka daban, muka kwafi rigar baƙunta, fara sol mai baƙin wuya, muka sa a gurbinta. Tun daga ranar ƙungiyar da fara take buga kowane wasa, a gida ko a waje. Ajiyar kuma yanzu tana wuri huɗu: a kwamfutata, a filashi, a wayar maiɗakina, da faifan da ya koma cikin safa. Duk ranar da wuta ta zo sai ya tambaye ni ko na sabunta kwafin, ni ma ban gaji da amsawa ba.

Wasan farko da aka buga har ƙarshe, bayan la'asar ne, yaran maƙwabta sun cika ƙofar ɗaki. Ƙanwata ta zo wucewa da ludayi a hannu, hayaniya ta sa ta leƙo. Auta bai waiwaya ba, ya dai mayar da ƙwallo baya, ya ba lamba 6, ya bar ta a ƙafarsa fiye da yadda wasa ke bukata. Sunan ya fito a ƙasan allo. Ta matso ta ƙura ido, ta ce, "Bai yi kama da shi ba. Shi ai ya fi wannan tsawo."

Auta ya ce, "Ana iya ƙara masa, Inna."

Ta ce a'a. Ta tsaya nan bakin ƙofa har aka tafi hutun rabin lokaci, sannan ta ce tuwonta zai kama, ta koma madafa.